Kifaffiyar Takarda

Bakin Auta ne ya jawo mata, kuma babu wanda ya matsa mata sai ta yi magana. Ranar wata Asabar ce, an gama cin abincin rana a falon iyayenta ana jiran shayi, sai ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Duk wanda ya nuna mini abu ɗaya, ɗaya tak, da na kwaikwaya a wurin wani, a gabanku zan goge aikin nan gaba ɗaya. Ba zan bar ko ɗigo ba."

Inna ta leƙo daga kicin da rariyar shayi a hannu. "Ke Auta, ki riƙa tauna magana kafin ki faɗe ta."

"Na tauna, Inna."

Ba ta tauna komai ba. Matsalar kuwa ita ce, Auta ba irin mutanen nan ba ce da ke cika baki da rana su manta da yamma. Tana 'yar shekara tara ta taɓa cewa idan ba ta zo ta ɗaya a aji ba za ta kyautar da kekenta. Ta zo ta biyu. Da hannunta ta tura keken zuwa gidan maƙwabta, tana tafe tana kuka da majina, kuma duk lallashin da aka yi mata ta ƙi karɓo shi. Saboda haka da ta zaro ƙaramin filas na adana aikin kwamfuta daga jakarta ta ajiye kusa da kwamfutarta, ta ce a cikin su biyun ne kaɗai aikin yake, sai kowa ya gyara zama.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Auta ce ke kula da kwamfutoci goma sha biyu na laburaren unguwarsu, tsofaffi ne masu nishi idan an kunna su. Mutane na zuwa su rubuta takardar neman aiki, ko su duba sakamakon gwajin asibiti, ko su aika wa wani ɗan'uwa saƙon da ba sa so kowa ya gani. Kujerun kuma a manne suke, kafaɗa na gogar kafaɗa, ido na satar kallon allon maƙwabci. Shekara biyu cur ta yi tana gina wa kwamfutocin sabuwar fuska, wato abin da mutum ke gani ya kuma latsa idan ya kunna. Ta ɗora ginin ne a kan babbar manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara. Shugabar laburaren ta gani ta yaba, ta ce ranar Litinin a saka a duka goma sha biyun. Jibi ke nan.

Wanda ya tsokano ta Yaya ne, babban wanta, mai zanen katin gayyata da allunan shaguna. Yana da wata farar kwamfuta siririya mai tsadar gaske, yana goge ta da wani ƙyalle na musamman da ba ya yarda a taɓa, shi ya sa 'yan gidan suka raɗa mata Amarya. A wurin Yaya, duk wani abu mai kyau da aka taɓa gani a allon kwamfuta daga gidan su Amarya ya fito, sauran duniya 'yan kwaikwayo ne. Kallo ɗaya ya yi wa aikin Auta ta saman kofin ruwansa ya ce, "Wannan ai namu ne aka shafa wa wani fenti."

Mijin Auta, wanda kowa ke kira Malam saboda yana koyar da kwamfuta a sakandare, shi ma bai taimaka ba. Abokin Yaya ne tun suna 'yan makaranta, ta nan ma ya ga Auta, kuma tun lokacin suke musu ɗaya ba su gama ba. Shi Malam manhajar da ke kowane ofis da kowane shagon buga takardu yake amfani da ita, wadda Yaya ke kira motar haya. Maimakon ya kare matarsa sai ya ce, "A'a, in dai kama ce, da tamu ta fi kama." Daga nan ne Auta ta ɗaga yatsa.

Aka share teburin tsakiya, aka jera kwamfutoci uku. Saura alƙali. Duk suka juya wajen taga, inda Baba ke zaune a kujerarsa da jarida. Tsohon akawu ne, shekara talatin da uku ya yi yana karɓar takardun jama'a a wani ofis kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba. Ko sunanta ba ya kira, akwatin nan yake cewa.

"Ni da ban san gaban akwatunan nan da bayansu ba?" in ji Baba.

"Shi ya sa muka zaɓe ka, Baba," in ji Yaya. "Ba ka da ɓangare."

"To ku yi ta yi, ina ji." Bai ma sauke jaridar ba.

Auta ta fara da shimfiɗa ƙa'ida, don tana da cika baki amma ba ta da wauta. Ta ce tagogin da ake buɗewa a allo, da kibiyar maus, da kwandon shara, duk ta tarar da su ne, na kowa ne, kamar ƙofa da rufi a gini. Ba ta ce ita ta ƙirƙiro su ba. Abin da ta ƙara da kanta shi ne abin shari'a.

"Kwandon sharan ma ai namu ne," in ji Yaya. "Mu muka fara, su Malam suka leƙo ta katanga suka gani."

"Ku ɗin ma an ce a wani gida kuka gano shi," in ji Malam.

"An ce! Wa ya ce?"

"Ko ma dai waye. Kuma a ce ku kuka fara, sai me? Mutum nawa ne ke iya sayen Amarya? Mu muka kai abin hannun talaka. Ɗalibaina arba'in a aji, da wace za su koya?"

"Ka ji shi ko, Baba? Ya amsa laifi da bakinsa. Wani ya zauna ya wahalar da ƙwaƙwalwa, wani ya zo ya kwafa ya sayar da araha, wai shi ne gwani."

"Kai katin da kake zana wa mutane, furen da kake sawa a kusurwa, kai ka ƙirƙiro fure?"

"Ba ni na ƙirƙiro fure ba, amma ba na ɗaukar katin wani in canza suna."

Don ya rufe bakin kowa, Yaya ya buɗe Amarya a hankali da yatsa biyu. Gaskiya tana da kyau, ba a ƙwace mata wannan. Hotuna na shawagi a allonta sumul, ko tari ba ta yi. Sai dai cajinta ya kusa ƙarewa, kuma duk wayoyin cajin da ke gidan, har da wanda Inna ta ciro daga bayan firji, babu wanda ya shiga bakinta.

"Amarya ba ta cin abincin gidan kowa," in ji Malam, yana dariya har da buga cinya. "Sai an biyo ta da kwanonta."

Ya jawo tasa da alfahari ya kunna. Allon ya yi shuɗi, wani zobe ya fara juyawa, rubutu ya fito cewa tana sabunta kanta, kada a kashe. Aka jira. Zoben ya ci gaba da juyawa.

"Motar haya ta tsaya shan mai," in ji Yaya. "Fasinjoji a sauka a miƙe ƙafa."

Auta ta yi dariya har da hawaye, sai su biyun suka haɗu suka tuna mata makon da ta kwana uku tana roƙon firintar laburare ta yarda ta gaisa da manhajarta ta kyauta. Ta ce ai daga ƙarshe sun gaisa. Malam ya ce shi ne shaida, don shi ya ci abinci ba gishiri a kwanakin nan uku.

Da motar haya ta gama shan mai, aka shiga shari'a sosai. Auta ta juyo da allonta. A gefen hagu akwai tire uku a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane da sunansa: Ana Jira, Zai Dawo, An Sallama. Ta ce mutanen da ke zuwa laburare ba su san folda ba, ba su san inda fayil ke ɓoyewa ba, amma kowa ya san ko aikinsa ya gama ko bai gama ba. Yaya ya laluba Amarya, Malam ya laluba tasa. Folda dai akwai ta birjik, amma irin wannan tiren babu.

Can sai Yaya ya yi tsalle kamar an tsikare shi. "Na kama ta! Dubi maɓallin rufe taga, a hagu yake. A hagu namu yake! Na su Malam a dama."

Auta ta dubi maɓallin. Ba ta taɓa lura ba. Ita dai ta san hannunta ne ya kai komai hagu, tiren da maɓallan da agogon, ta bar dama fili, kuma ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Ta dubi filas ɗin da ke kan tebur, ta dubi mahaifinta.

"Baba, a yanke," in ji Yaya.

Baba ya juya shafin jarida. "Kamfanin naku ne ya ƙera hagu?"

"A'a, amma..."

"To hagu da dama na Allah ne. A wuce."

Malam ya tafa. Yaya ya ce alƙali ya karɓi cin hanci, Inna ta amsa daga kicin cewa eh, ita ta ba shi, kofin shayi biyu.

Sai Auta ta fito da abin da ta ɓoye don ƙarshe, wanda ta fi ji da shi a duk aikin. Ta buɗe wata wasiƙar gwaji, rubutu ya cika allo. Sannan ta buɗe ta biyu. Nan take ta farkon ta juya ta kife, bayanta ya fito fari fat, babu komai a jiki sai ɗan ƙaramin kwanan wata a kusurwar ƙasa. Ta latsa ta farkon, ta buɗe, ta biyun ta kife. Ta ɗauke hannu daga maus ta harɗe hannuwa, bayan 'yan daƙiƙu wadda ke buɗen ma ta kife kanta.

"Takarda ɗaya ce kawai ke buɗe, wadda mai ita ke kallo," in ji ta. "Ya tashi shan ruwa, ta kife. Ya ɗauko wata, ta kife. Na kusa da shi ya leƙa har wuyansa ya yi ciwo, bayan takarda zai gani. To, ku nuna mini a naku."

Suka duƙufa. Yaya ya nuna yadda Amarya ke zuƙe taga ta kai ta ƙasan allo, Auta ta ce wannan ɓoyewa ce, kuma sai mutum ya tuna ya latsa. Malam ya nuna yadda tasa ke kulle allo gaba ɗaya, ta ce wannan rufe shago ne don kwastoma ɗaya ya juya baya. Suka shiga intanet suna nema, Yaya har gumi ya tsatstsafo masa a hanci. Daga ƙarshe ya rufe Amarya, ya goge ta da ƙyallenta, ya ce, "To, wannan kam ban taɓa gani ba."

"Ban ji ba, Yaya."

"Na ce ban taɓa gani ba!"

Daɗi ya kama Auta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta miƙe ta zaga teburin tana rausaya, ta karɓi tiren shayi daga hannun Inna ta zuba wa Yaya da kanta, wai ya sha ya huce. Shekara biyu tana jiran ranar da wannan bakin zai faɗi haka.

"Matso mini da akwatin nan."

Baba ne. Ya ninke jaridar ya ajiye, yana ciro tabarau daga aljihu. Aka dubi juna. Auta ta ɗauki kwamfutar ta ɗora a kan ƙaramar kujerar da ke gabansa, ta durƙusa a gefe.

"Sake yi in gani."

Ta buɗe takarda, ta buɗe wata, ta farko ta kife. Baba ya daɗe yana kallon farin bayan da ɗan kwanan watan da ke kusurwa.

"Idan mutum ya tashi bai gama ba," in ji shi, "takardarsa tiren tsakiya za ta koma."

"Eh, Baba. Zai Dawo."

"Idan ta kwana uku bai dawo ba, sai ta hau saman sauran, don kada a manta da ita."

Auta ta dube shi. Wannan ba ta nuna wa kowa ba, ko Malam bai sani ba. "Haka ne. Wa ya faɗa maka?"

"Kuma kafin ta shiga An Sallama, sai an baje ta gaba ɗaya an tambayi mai ita ko ya sake karantawa. Ba ta wucewa sai ya ce eh."

Auta ta juya ga allon. Hannunta ne ya ja takardar zuwa tire na uku. Takardar ta baje ta cika allo, tambaya ta fito a ƙasa da manyan baƙaƙe: Ka sake karantawa?

Inna ta daina juya cokali a kofi.

"Auta," in ji Baba, "ke bahaguwa ce?"

"A'a."

"To me ya kai tirenki hagu? Mai aiki da dama, a dama yake ajiye tire, kusa da hannunsa." Ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi a gaban fuskarta. "Ni ne bahago. Teburina ne wannan."

Sai abin ya dawo mata gaba ɗaya. Tana 'yar aji ɗaya zuwa aji uku, lokacin Inna na aikin yamma a wani shagon ɗinki, daga makaranta ofishin Baba ake kai ta. Akwai wani kwalin tsofaffin fayil a gefen teburinsa, a kai take zama tana lilo da ƙafa har a tashi. Daga nan ƙasa ba ta ganin fuskokin mutanen da ke layi, hannun Baba kawai take gani. Tire uku na saƙar waya a hagunsa. Hannun ya ɗauko takarda, ya duba, ya kife, ya sa kwanan wata da fensir a kusurwa, sannan ya miƙa ya karɓi ta gaba. Sau ɗari a rana, shekara uku. Ta manta da kwalin, ta manta da ofishin, ashe hannun bai bar kanta ba.

"Wallahi ban sani ba," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi, Baba, na ɗauka ni na ƙirƙiro."

"Na sani."

"Shi ya sa!" in ji Malam. "Wata shida ina gaya mata wuyan hannuna na ciwo, komai sai na tsallaka allo na ɗauko. Ashe hagun Baba muke fama da shi."

Ba wanda ya yi dariya sosai, don Auta ta riga ta jawo kwamfutar gabanta. Ta miƙa hannu ta ɗauko filas ɗin ta soka. Kunya ce ta fara kama ta, ita da ta gama rausaya a gaban mutane, sannan baƙin ciki ya biyo baya, mai nauyi. Ta tuna wata mata da ke zuwa laburaren duk Laraba tana kare allo da mayafinta. Ta tuna Litinin. Amma ta faɗa a gaban mutum huɗu, kuma an nuna mata, ba abu ɗaya ba ma, har huɗu. Ta zaɓi aikin gaba ɗaya.

"Ke, wasa fa nake!" in ji Yaya, ya taso har yana ture kofi. "Auta, don Allah. Ni na ja, ni na janye. Wa zai goge aikin shekara biyu a kan musun falo?"

"Ba kai ka yi alkawarin ba, Yaya."

"Kwaikwayon kamfani muke nufi," in ji Malam. "Baba ai ba kamfani ba ne."

"A wurin wani na ce. Baba wani ne."

Inna ta ajiye kofi ta ce, "Ga irinta nan. Taurin kan nan dai ba daga wajena kika ɗauko shi ba." Ta harari mijinta.

"Ɗauke hannunki," in ji Baba. "Alƙali bai tashi ba tukuna."

Ta ɗauke, amma ba ta yi nisa da shi ba.

"Ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Kin kwaikwaya, kin faɗi shari'a. Amma ni ma da kike gani ba ni na ƙirƙiro ba. Satina na biyu a aiki, wata mata ta kawo takarda, na bar ta a buɗe na juya neman tambari. Mutumin da ke bayanta ya karanta. Ashe maƙwabcinta ne. Ta karɓi takardarta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Tsohon da ke koya mini aiki ya ɗauki rula ya sauke mini a bayan hannu, a gaban layi. Ya ce takardar mutum rigarsa ce, ba a tuɓe shi a gaban jama'a. Shi kuma a gidan waya ya koyo, wurin wani da ban taɓa gani ba. Tiren ma nasa ne. Ni abin da na ƙara kawai kwanan watan nan na kusurwa, sai kuma hagu."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Ranar da aka kawo akwatunan nan ofishinmu, da safe na zo na tarar an fitar da teburina baranda. Tiren an jefa su bayan gini. Wani sabon ma'aikaci ya ce kada in damu, duk abin da nake yi yana cikin akwatin yanzu. Na leƙa na duba. Takardun mutane ne a baje, biyar, shida, kowa da ke layi na gani. Na ce ina ake kifewa? Suka yi dariya. Ban cika shekara bayan nan ba na ajiye aiki. Ban taɓa gaya muku ba, amma abin ya yi mini ciwo. Na ɗauka shekara talatin da uku na yi ina wani abu da babu wanda ya lura da shi, kuma ya tafi tare da teburin."

Ya mai da tabarau ya dubi 'yarsa. Idonsa ya yi ja.

"Ashe kina kallo."

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai ke sauka, ba ta ma share ba.

"To ni ne mai kaya, kuma ban kawo ƙara ba. An raba ni da teburin nan sau ɗaya, ba a tambaye ni ba. Ke ma za ki raba ni da shi?"

Ta dubi allon. Aikin na nan a zaɓe, latsa ɗaya ya rage. Tun da take ba ta taɓa faɗin magana ta dawo ta lashe ba. Ta zare filas ɗin a hankali ta damƙe a tafin hannu.

"Na faɗa," in ji ta, "kuma na janye. Na yi cika baki. Ba zan goge ba."

Yaya ya saki numfashi ya zube a kujera. Bai fi daƙiƙa biyar ba ya farfaɗo. "Malam, ka ji abin da na ji? Auta ta janye magana! Ina wayata? Auta, don girman Allah maimaita, in ɗauka in ajiye wa jikoki."

"Yaya, zan watsa wa Amarya shayi."

Ya rungume Amarya ya koma bayan kujera, Inna na dariya tana share ido da bakin zane. Malam ya ce ai shi wannan shari'a ta yi masa daɗi, tunda an tabbatar kwaikwayo ba laifi ba ne. Yaya ya ce ba haka aka yanke ba, an ce ne a nemi izinin mai kaya, su kuma su Malam wa suka tambaya? Suka koma inda suka tsaya tun suna 'yan makaranta, ba wanda ya kula su.

Auta ta buɗe shafin da ake rubuta waɗanda suka yi aikin, inda sunanta ke zaune shi kaɗai. Ta tambayi Baba sunan tsohon mai rula, ya faɗa mata, ta rubuta a sama, ta sa nasa a ƙasa, sannan nata. Na gidan wayan ba wanda ya san sunansa, sai ta rubuta wani ma'aikacin gidan waya. Baba ya sa ta karanta masa sau biyu.

"Saura gyara ɗaya," in ji shi. "Ki mai da tiren nan dama kafin Litinin. Mutane ba su yi laifin komai ba da za su gaji hannuna."

"To, Baba."

"Guda nawa kika ce akwatunan?"

"Goma sha biyu."

Ya ɗauki jaridarsa ya buɗe, ya ɓoye fuska a bayanta. "Sha ɗaya za ki gyara. Ki bar ɗaya a hagu, wadda ke kusa da ƙofa. Na san akwai masu zuwa da ba su iya tsara wasiƙa ba. Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Takwas," in ji Auta.

"Ki biyo ta nan da bakwai da rabi, mu tafi tare."